Hoton Jirgin da Ya Kama Baba Maazou

Rillieux-la-Pape, Lahadi 22 ga Oktoba 1995

Zuwa ga bawana Muhyiddeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Zouera da yara. Ya sanyin Paris? Ya aiki, in zama a kujera mai juyawa aiki ne? Ni lafiya lau, sai gwiwar hagu da ke tuna mini a hawa na shida nake duk ranar da asansar, na'urar hawa bene, ta mutu.

Kada ka ga na ce bawana ka ɓata fuska. Kakarka ƙanwar kakana ce. Kai jinin mace, ni jinin namiji, don haka ko shugaban ƙungiyar duniyar nan da kake wa aiki ka zama, sharar ƙofata tana wuyanka. Na zaɓi takarda ne don a tarho ka fi ni baki, Baba Maazou kuma kunnensa ba ya kama maganar tarho.

Na gode da ka samo masa likitan ido. Likitoci sun cika Lyon, amma tun da ka ce naka ya fi, kuma ba sai an jira bazara ba, na yarda. Aro na ba ka. Wan mahaifina ne, shekara shida yana gidana tun da yana ta rufe masa ido, na san tarinsa na safe na san na yamma. Ka faɗa wa Zouera ta rage gishiri. Kuma kada a rufe masa ƙofar ɗaki in zai kwanta, ko da iska na shiga. Ba zai yi magana ba, sai dai ya zauna bakin gado har gari ya waye.

Yau Lahadi, gidan shiru. Ranar ce nake kunna manyeto mai ɗaukar magana a kaset, in ajiye masa shayi, ya ba ni labarin teku. Kai abin da ka sani kawai shi ne tsohon ya taɓa zama fursunan Japan, kamar yadda kowa a dangi ya sani, a faɗa a wurin suna a wuce. Ni na bi shi daki-daki. Yadda ya bar Damagaram da niyyar Makka yana saurayi, guzuri ya ƙare masa a Port-Soudan, ya shiga jirgin kaya yana zuba gawayi a wuta. Yadda a 1942, a tekun da ke gabas da Madagaskar, wani jirgin Japan ya nutsar da nasu ya kwashe waɗanda suka tsira.

To ga albishir. Shekara huɗu ina musayar wasiƙa da wani tsoho a Kobe mai tara tarihin jiragen kamfanonin ƙasarsu, da Ingilishinsa gurgu da nawa mai ɗingishi. Mun gano jirgin. Wannan makon ya aiko mini hotonsa. Na kai an faɗaɗa shi, an sa masa gilashi, na kafa shi a bangon da ke fuskantar gadon Baba. Ranar da ya dawo da idonsa garau, shi zai fara gani in ya farka. Ka karanta masa wannan wurin da ƙarfi, ta kunnen dama.

Ka kula mini da shi.

Uwargijiyarka,
Saadatou

*

Paris, 30 ga Oktoba 1995

Hajiya Saadatou, ranki ya daɗe,

Wa alaikumus salam. Bawanki yana gaisuwa, tsintsiya na hannu. Mu duka lafiya, Zouera na gaishe ki, ta ce gishiri ta ji.

Aiki ya yi kyau, alhamdu lillahi. An yi idon dama ranar Talata. Da aka cire bandeji likita ya ɗaga yatsu, Baba ya ƙirga, sannan ya juyo ya dube ni ya ce, "Ashe sanƙo gare ka. Muryarka ta mai gashi ce." Har ma'aikatan jinya suka yi dariya da na fassara musu. Za a yi na hagu tsakiyar Nuwamba, sai ki ƙara mana aron.

Na karanta masa wasiƙarki kamar yadda kika ce, ta kunnen dama. Da na gama ya ce a ba shi ruwa. Ina jin daɗi ne ya cika shi.

Ya sake da mu sosai. Ran Asabar na kai shi fuwaye a Montreuil, gidan ma'aikatan nan inda 'yan Damagaram ke taruwa. Ya haɗu da wani Malam Saley ɗan Birni, suka zauna lissafin unguwanni da mutanen da suka mutu, da ƙyar na raba su. A gida ma bayan cin abinci hira muke yi. Jiya ya ba ni wani labari da ya ce bai taɓa ba kowa ba. Tsohon nan taska ne, kin ɓoye mana shi.

Ina gaggawa, taro gare ni. Ki gaida gwiwa.

Muhyiddeen

*

Rillieux-la-Pape, 6 ga Nuwamba 1995

Muhyiddeen,

Gaisuwa da fatan alheri. Na yi murna da idon, na yi sadaka a masallacin unguwa. Ina lafiya.

Wane labari?

Ka rubuta layin nan ka wuce kamar wanda ya ce an yi ruwa jiya. Na karanta shi a tsaye a bakin akwatin wasiƙu, na sake karanta shi a bas, na kai shi har ɗakin karatun da nake aiki, inda na ba wata tsohuwa littafin girki maimakon na tarihin da ta nema.

Bari in gaya maka abin da ka sa hannu a ciki, tun da ba ka sani ba. Jirgin nan ba a ƙera shi don yaƙi ba. Jirgin kaya ne mai ɗakunan fasinja kaɗan, an yi shi don ya kai yadi da tangaran gaɓar Afirka ya komo da auduga. Da yaƙi ya matso, sojan ruwan Japan suka karɓe shi daga kamfaninsa, kamar yadda suka karɓi irinsa masu yawa. Suka kafa masa igwa gaba da baya da gefe, suka ɗora masa ƙaramin jirgin sama mai sauka kan ruwa, amma suka bar masa ƙugiyoyin ɗaga kaya da bututun hayaƙinsa, don wanda ya hango shi ya ɗauka ɗan kasuwa ne. Aikinsa ke nan, ya matso da fuskar fatake sannan ya buɗe wuta. Daga baya suka sauke yawancin igwoyin suka mai da shi jakin ɗaukar soja, har aka nutsar da shi a wani tsibiri na Pasifik a 1944. Yau Turawa masu nutso suna zuwa kallonsa a ƙarƙashin ruwa. Sunayen jiragen nan duk da Maru suke ƙarewa, shi ya sa Baba ke ce masa Maru kawai. Cikakken sunan yana wurina, kuma ba zan ba ka ba, don kada in ji shi a bakinka a wata liyafar jakadu.

Duk wannan ni na tono. Hutuna biyu na ƙarar a ɗakunan ajiyar takardu, na koyi karanta zanen jirgi da shekara arba'in da bakwai. Kaset ɗin Baba sun cika kwali uku. Amma akwai rami a tsakiyarsu. Daga lokacin da aka hau da su jirgin aka tura su ƙasa inda ake lodin kaya, zuwa ranar da aka sauke su a Singafo, bai taɓa faɗar komai ba. Duk Lahadin da muka iso bakin wurin sai ya ce shayi ya huce. Na yi haƙuri, na kewaya, na dawo ta wata hanya. Shekara shida.

Kai kuma mako biyu. Kai da ba ka san gabas da Madagaskar daga yammacinta ba sai an nuna maka a taswirar biro, ofishin nan naku. Ka zauna da cikinka cike da tuwon Zouera, ka miƙe ƙafa, ya zuba maka abin da na tsufa ina jira, kuma na tabbata ko alƙalami ba ka ɗauka ba.

In shi ne, ka rubuto mini shi kalma kalma, yadda ya faɗa, ba da Hausarka ta taro ba. Kuma ka daina kai shi Montreuil cikin sanyin nan da ido ɗanye.

"Kin ɓoye mana shi." Adireshina bai canja ba tun 1983. Sau nawa ka zo?

Saadatou

*

Paris, 20 ga Nuwamba 1995

Hajiya,

Gaisuwa. Ki yi haƙuri da jinkiri, na yi tafiya Janeba. Kowa lafiya.

An yi idon hagu, ya yi kyau kamar na dama. Likita ya duba shi yau, ya ce zai iya tafiya duk ranar da ya so. Na ce masa in sayi tikiti na rako shi ran Asabar. Ya ce a dakata tukuna. Na ce har yaushe, ya ce a dai dakata, nan ma gida ne.

Batun labarin, ya ce tsakaninmu ne, ni kuwa bawa ba ya tona asirin manya. Kada ki ɗaga hankalinki. Zouera ta gyara masa ɗakin baƙi sosai, har ta saya masa bargo sabo. Yana ci, yana barci, ya yi ƙiba.

Naki,
Muhyiddeen

*

Rillieux-la-Pape, 27 ga Nuwamba 1995

Malam Muhyiddeen,

Ina gaisuwa. Lafiyata ƙalau, tun da ka tambaya a zuciyarka.

Na ajiye wasa. Wanda ake kira bawa shi ne wanda aka yarda da shi.

Na kira gidanka sau biyu. Zouera ta ɗauka, ta ce Baba na barci, ta ce Baba ya fita da kai, da muryar nan tata mai zuma. Na uku aka ba shi, yana ta "Wa? Wa ke nan?" ina ihu da sunana har maƙwabciyata ta buga bango. Ga shi masu jirgin ƙasa sun shiga yajin aiki, an ce 'yan gidan waya ma za su bi. Allah ya tsaga da rabonka, ko gwamnati ce ka roƙa ba za ta yi maka fiye da haka ba.

"Nan ma gida ne." Ka ji daɗin rubuta wannan. Ina ganin fuskarka.

Ya yi ƙiba, ka ce. Wato a wurina yunwa yake sha. Bargo sabo, wato nawa tsumma ne. Lokacin da yake lalube yana zubar da miya a riga, yana kiran sunana daga banɗaki don ya rasa ƙofa, babu wanda ya ce nan ma gida ne. Na yanke masa farce, na aske masa kai, na bi layi a ofishin fansho na yi faɗa da Faransanci har aka san ni. Da mijina ya rasu mutane suka ce in koma gida Nijar, na ce akwai tsoho. Yanzu an wanke shi, an goge, ido biyu tar, ga labari a baki. Yanzu ne ya dace da falonka, tsakanin kujerun fata da baƙinka masu son jin yadda ɗan Damagaram ya sha da Japanawa.

Na san irinka, ba mugu ba ne kai. Kai dai mutum ne da abu ke zuwa hannunsa. Tun muna yara a Zinder haka kake, a wuni ana jifar kanya, ka zo wucewa ta faɗo gabanka, ka ɗauka kana murmushi ka ce wa mai jifar sannu. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, ba ka ma san ka ɗauki wani abu ba.

Ɗakinsa yana nan yadda ya bar shi. Kullum da safe ina shiga in buɗe labule, haske ya sauka kan hoton. Kyakkyawan jirgi ne, Muhyiddeen. An ɗauke shi kafin yaƙi, fari da baƙi, yana fita daga tashar Kobe, mutane na ɗaga hannu. Na so in tsaya bayan Baba in ga fuskarsa lokacin da zai gane shi. Abin da na roƙa a duniyar nan ke nan, ba shi da yawa.

Ka tambaye shi a gabanka, da bakinka, ba ta bakin matarka ba: zai dawo ko ba zai dawo ba? Ka rubuto amsar yadda ta fito.

Saadatou Abdourahamane

*

Rillieux-la-Pape, 12 ga Disamba 1995

Malam Muhyiddeen,

Gaisuwa. Mako biyu babu amsa. Ban sani ba ko wasiƙata tana kwance cikin buhu a gidan waya, ko tana kan teburinka ƙarƙashin kofin kafe. Na daina kira, ba zan ƙara yi wa Zouera sallama tana karanta mini jadawalin barcin wan ubana ba. Wannan na ba Alhaji Salmanu mai kantin atamfa a unguwar Guillotière, zai hau Paris da motarsa ɗauko kaya, zai miƙa maka hannu da hannu ya tsaya ka ba shi amsa. Na ce masa kada ya karɓi shayi, kada ya zauna.

Ga abin da na yanke. In labarin ramin jirgin ya ba ka, riƙe. Na bar maka. Ka je rediyo da shi, ka sa babbar riga, bana ake cika shekara hamsin da gama yaƙin, za su so ka. In kana so ma in haɗa maka da kwalayen kaset, da wasiƙun Kobe, da sunan jirgin. Na gaji da kallon su.

A'a. Na soke wannan, ba zan ba ka ko kaset ɗaya ba. Na bar layin ne don ka ga inda ka kai ni.

Jiya na dafa shinkafa da wake na mutum biyu ban lura ba. Da ka ga yadda na zagi tukunyar.

Ranar da jirgin ƙasa ya fara tafiya zan zo Paris. Ba zan kwana gidanka ba. Zan tsaya a falon nan naka in ce Baba tashi mu tafi, in ya ce a'a ya faɗa mini a idona, tun da yanzu yana da idon da zai dube ni da shi. Ka shaida wa Zouera ta kwashe abin fashewa.

S.

*

Paris, 15 ga Disamba 1995

Saadatou, 'yar'uwata,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, Baba lafiya. Alhaji Salmanu yana tsaye a kaina, ya ƙi zama, ya ce ke ya fi tsoro. Wasiƙar da kika ce kin aiko mako biyu da suka wuce ba ta iso ba, sai ta hannunsa na gani. Ina tafiya biro da ƙafa tun da metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya tsaya, ban san wuta na ci a Lyon haka ba.

Na farko, labarin. Na roƙe shi ya sake ni, ya ce in faɗa. Yana saurayi ya shiga kokawa a kasuwar Mirya, wani gajere mai sayar da tabarma ya kā da shi gaban yarinyar da yake so, har wandonsa ya yage. Kwana uku bayan haka ya kama hanyar Makka. Ya ce dangi sun ɗauka tsoron Allah ne ya fitar da shi. Shi ke nan labarin. Wallahi tun da ya zo gidan nan bai ambaci teku ba, ko sau ɗaya. Da Malam Saley kokawa suke yi da baki, da ni siyasa, da yara kallon tantabaru ta taga.

Na biyu, na tambaye shi ko zai koma wurinki ko ba zai koma ba. Ya kori yara, ya sa na rufe talabijin. Ga maganarsa, ban gyara ba.

"Sau ɗaya na gan shi daga waje. Da ya ɓullo mun ɗaga masa hannu, jirgin kaya ne kamar namu, har da shanya a baya. Sai aka yaye tamfol daga kan igwa. Bayan nan muna cikin kwale-kwale shi yana bisa kanmu kamar ganuwa, wanda ke kusa da ni ba shi da rabin fuska. Shekara hamsin yana zuwa mini. Da ido ya rufe sai ya dushe, na samu sauƙi. Yanzu an buɗe, an ce an kafa mini shi gaban gado. In farka in gan shi kafin in yi alwala? Ba zan iya ba, Muhyiddeen."

Na ce to me ya hana ka faɗa mata tun ranar da na karanta maka? Ya ce, "Shekara huɗu tana nemansa. Ka ji muryarta in ta gano wani abu a kansa? Kamar yarinya ranar sallah. Tun da mijinta ya rasu ban ji ta haka a kan komai ba. Ni zan ce mata ta sauke?"

Na ce Lahadin fa, da manyeton? Ya ce, "In na yi mata Lahadi, ba na barci sai Laraba. Amma ita ce ke yanke mini farce." Sannan ya ce abin da ke cikin ramin jirgin ba zai faɗa miki ba, ba zai faɗa mini ba, da shi za a binne shi, kuma in kina jira ne ki daina.

Ya ce in gaya miki gadon nan namu ya yi masa laushi, bayansa na ciwo, kuma Zouera ba ta iya shayi ba. Wannan na ƙarshen ban karanta wa Zouera ba.

Ni ne na karanta masa wurin hoton da ƙarfi, ina murmushi, na ga ya nemi ruwa na ce daɗi ne. Ban iya karanta tsoho ba, wannan kin fi ni. Sauran ya rage gare ki. Ba na riƙe da shi, amma ba zan sa shi a jirgi zuwa ɗakin da yake tsoro ba.

Bawanki, in har yanzu ana so,
Muhyiddeen

*

Rillieux-la-Pape, 19 ga Disamba 1995

Muhyiddeen,

Gaisuwa. Na samu. Na yi kwana biyu ban amsa ba don abin da na fara rubutawa ba na aikawa ba ne.

Kai ya faɗa wa. Shekara shida muna ci a tire ɗaya, bango ɗaya tsakanin gadona da nasa, ina jin sa yana juyi daga Lahadi zuwa Laraba ina cewa ƙashin baya ne, har na saya masa katifa. Ya rasa wanda zai faɗa wa sai mai sanƙon Paris. Wannan ba zan yafe muku ba, ku biyun, kada ka sa rai.

Kuma ban ce aikina banza ba ne. Mutane sun mutu a ramin nan, babu wanda ya rubuta sunansu, Turawa na iyo a kansa da kyamara. Ya kamata wani ya sani. Zan ci gaba, da takardu da tsohon Kobe, shi yana son magana.

Ka gaya wa Baba, ta kunnen dama: na sauke. Yana bayan kabad a ɗakina, fuskarsa na kallon bango. Taswirar da ke falo ma na naɗe, bai san da ita ba, shekara uku yana zaune a ƙarƙashinta. Manyeton na kai wurin aiki na kulle a durowa. Akwai ramin ƙusa a bangonsa, in ya dame shi ya rataya carbi.

An ce jirage sun fara tafiya. Kada ka rako shi, ni zan zo in ɗauke shi ran Asabar. Ka kawo shi tashar jirgin ƙasa ta Gare de Lyon, can Paris. Bargon Zouera ya tsaya nan.

Saadatou

*

Rillieux-la-Pape, Lahadi 14 ga Janairu 1996

Bawana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun shiga sabuwar shekara lafiya, Allah ya kai mu azumi. Ka gaida Zouera, da gaske nake, ka ce na gode da ɗawainiya. Baba lafiya, yana sa maganin idon da kansa, ba ya yarda in taɓa.

Ka tambayi yadda muka iso. Ya tsaya a ƙofa ya ƙi shiga sai da na shiga ɗakinsa na kunna fitila na fito. Sannan ya bi gidan yana duba komai kamar mai saye. Ya ce labulena ya yi duhu. Ya ce ashe firijin fari ne, shi a ransa kore ne. Ya dube ni ƙarƙashin fitilar kicin ya ce, "Saade, kin yi furfura ba ki faɗa mini ba." Na ce ba a tambaye ni ba.

Lahadin farko ta yi mana wuya. Bayan la'asar na kawo shayi kamar kullum, na zauna, ya zauna. Tebur babu komai a kai. Ni da nake ba mutane amsa tun safe har yamma, ban da tambaya ɗaya da zan yi wa wan ubana wadda babu ruwa a cikinta. Muka sha shayi, ya ce ya yi daidai, ya tashi. Lahadi ta biyu da ta uku haka, sai dai ya ba ni labarin Malam Saley ɗinku har na ji kamar in yi kuka don haushi.

Yau kuwa yana cikin kurɓa sai ya ajiye kofi ya ce, "Kin san ubanki har ya yi kaciya ba ya magana?" Na ce wane uban? Mahaifina da ya yi shekara talatin yana fassara a kotu, wanda ba a gama gaisawa da shi sai an nemi kujera? Ya ce shi fa. An ɗauka bebe ne, shi Baba ne ke goya shi yana amsa masa in an tambaye shi. Ya ba ni labarin ranar da ya fara magana, da abin da ya faɗa, da wanda ya faɗa wa. Na yi dariya har gwiwa ta amsa. Hannuna ya kai inda manyeto ke zama, ya ga hannun, yanzu yana gani, na mai da shi kan cinyata.

Ba zan rubuta maka labarin ba. Ubana ne.

Abu ɗaya nake so, kuma ka amsa a wasiƙa ta gaba, a layin farko, kafin gaisuwa. Wata biyu yana gidanka kuna hira bayan tuwo. Wannan bai ba ka ba, ko? Ka yi tunani sosai kafin ka rubuta. In kuma ya ba ka, ka san dai abin da ya kamata bawa mai hankali ya ce.

Uwargijiyarka,
Saadatou